Sukuru ya cije a tsohuwar kilarinet ko saksofon: tambayoyi da amsoshi daga teburin gyara a Gusau

Sana'ata ta asali gyaran agogo ce. Kayan busa sun shigo hannuna ne ta dalilin wani dattijo, tsohon ɗan badujala, da ya kawo mini kilarinet ɗinsa cikin akwatin da gara ta fara ci. Ya ce, "Malam, tunda kana kwance na agogo, wanga ba shi gagara tai." Daga nan aka san ni da aikin. Yanzu makarantu da majami'u suna kawowa, wasu ma daga Birnin Kebbi da Zuru da Yawuri ake aiko mini ta hannun direbobi. Yawancinsu ciwonsu ɗaya ne, wato sukuru ya cije ya ƙi motsi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne kafin su iso wurina wani ya riga ya gwada ƙarfin damtsensa a kai. Shi ya sa na tattara tambayoyin da aka fi yi mini.

Me ke sa sukurun ya cije tun farko?

Ƙarfe biyu ne mabambanta suke zaune manne da juna shekara da shekaru. Maɓallan kilarinet da na sarewar Turawa galibi farin ƙarfe ne, haɗin jan ƙarfe da nikel da zinki, ko ɗigon azurfa babu a cikinsa sai wadda aka shafa a sama. Jikin saksofon da maɓallansa tagulla ne. Amma sukurori da dogayen sandunan da maɓallai ke juyawa a kansu baƙin ƙarfe ne, shi kuwa yana tsatsa. Gumin hannu yana da gishiri, ga yawu, ga tururin numfashi, duk suna gangarawa cikin 'yar tazarar da ke tsakanin sanda da bututunta. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga cikinsa cin wuri, sai ta kumbura ta cike tazarar ta ɗaure komai tamau.

Yanayinmu yana ƙara wa Borno dawaki. Da damina, musamman a watan Agusta, akwatin da aka rufe da danshi a ciki ɗakin tsatsa ne. Da hunturu kuma ƙura tana shiga ta gauraya da tsohon mai, zafin Maris da Afrilu ya zo ya busar da su, su daskare kamar ƙaro. Na lura kayan da ke zuwa daga Yawuri, bakin kogin Kwara, tsatsa ta fi yawa a jikinsu, na nan Gusau da Ƙauran Namoda kuma daskararren mai da ƙura.

Duk sukurorin iri ɗaya ne?

A'a, kuma rashin sanin wannan ya kashe kaya da yawa. Akwai gajeren sukuru mai tsini, wanda ke shiga ta cikin turke ya riƙe ƙarshen maɓalli. Turke nake kiran 'yan ƙananan ginshiƙan nan masu kai kamar ƙwallo da ke tsaye a jikin abin busar. Akwai doguwar sanda mai tsaga a kai ɗaya da tiredi, wato zanen murɗin sukuru, a ɗaya kan, wadda ke ratsa bututun maɓalli ɗaya ko maɓallai da yawa. Akwai kuma 'yan mitsi-mitsin sukurorin daidaitawa, da masu riƙe falalen sifirin, wato 'yan ƙarafan da ke mayar da maɓalli mazauninsa, da waɗanda ke shiga cikin itace kai tsaye, kamar na madogarar babban yatsa.

Kafin ka taɓa komai, ka duba da gilashin ƙara girma. Wasu tsofaffin saksofon na kamfanin Conn na Amurka suna da wani ɗan ƙaramin sukuru marar kai a gefen turke wanda ke kulle babban. In ba ka sassauta shi ba, ko ka kwana kana murɗawa babban ba zai motsa ba, sai dai ka lalata shi. A sarewar Turawa kuma akwai 'yan filoli da aka buga suka ratsa maɓalli da sanda, ba kwance su ake yi ba, turo su ake yi waje, a danna daga siririn gefensu.

Yaya zan gane inda ya cije?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita. Ka danna maɓallin sama da ƙasa kana kallon tsagar kan sandar. Idan tsagar tana juyawa tare da maɓallin, to sandar ta manne ne a cikin bututu, tiredinta kuwa lafiya lau. Idan maɓallin yana motsi sumul amma sandar ta ƙi juyawa, to a tiredin da ke cikin turke matsalar take. Idan babu abin da ke motsi sam, duka biyun ne, ka shirya zaman kwanaki.

Akwai na huɗu da mutane ke mantawa da shi: abin busar ya faɗi, bututun ya lanƙwashe kaɗan, ya danne sandar. Wannan ko ka yi masa wanka da mai ba zai saki ba. Ka ɗaga shi saitin haske ka bi layin bututun da ido, ka kuma tambayi mai shi ko ya taɓa faɗuwa. Sai an miƙar da bututun a hankali, da hannu ko da filaya marar haƙora, sannan sandar ta samu hanya.

Wace sukudireba ta dace?

A nan ne ake cin riba ko a yi asara, kuma a murɗawar farko. Bakin sukudirebar ya cika tsagar daidai, faɗi da kauri, babu rawa ko kaɗan. Irin 'yan ƙananan nan na saiti da ake sayarwa a kasuwa bakinsu kamar gatari yake, yana sirancewa zuwa ƙarshe, saboda haka da zarar ka matsa sai ya zame ya fito yana yagar leɓen tsagar. Ni nakan wasa bakin a kan dutsen washi har gefensa biyu su miƙe su tsaya daidai da juna, in gwada, in sake wasawa, har ya zauna cif. Wani lokaci sukuru ɗaya nake wasa wa sukudireba guda, kuma ban taɓa ganin na ɓata lokaci ba. Mariƙin ya zama mai kauri, dogo, wanda zai cika tafin hannu.

Ka share tsagar da allura tukuna, domin datti yakan cike rabinta. Ka kwantar da abin busar a kan tsumma mai kauri, ka tokare turken da ɗan katako ta baya don kada ya karkace. Ƙarfin dannawa ciki ya fi na murɗawa yawa nesa ba kusa ba. Ka fara da ɗan motsi ta wajen ɗaurewa, kamar gashin kai, sannan ka dawo ta wajen kwancewa. Sau da yawa wannan ɗan motsin ne ke fasa tsatsar. In ya ƙi, ka ajiye sukudirebar. Kada ka ce bari in ƙara sau ɗaya da ƙarfi.

Kuma ka kula da ɗaya hannun naka. Kada ya kasance a gaban bakin sukudirebar. Ga kuma alluran sifirin masu tsatsa da ke tsaye a ko'ina, suna shiga yatsa da zurfi. Wanda ke wannan aikin ya tabbatar ya yi allurar rigakafin tetanus.

Wane mai zan sa, kuma kwana nawa zan jira?

Mai marar kauri, mai ratsawa. Man feshin nan WD-40 ana samunsa wurin masu sayar da kayan gyaran mota, kuma yana aiki daidai gwargwado. Kananzir mai tsabta shi ma yana shiga, yana kuma narkar da daskararren tsohon mai. Akwai haɗin da makanikai suka sani: jan man giyar mota mai canza giya da kanta, rabi da rabi da asiton, wato ruwan da ke goge jan farce. Yana ratsawa sosai, amma asiton yana narkar da jikin kilarinet na roba, yana kuma iya ɓata fentin ƙyallin saksofon. In za ka yi amfani da shi, sai a maɓallin da ke nesa da waɗannan, ko ka haƙura da kananzir.

Kada ka fesa. Ka zuba kaɗan a murfin kwalba, ka tsoma allura, ka ɗiga a kan sukurun, da bayan turken inda ƙarshen tiredin yake leƙowa, da kowace mahaɗa tsakanin bututu da turke. Mai in ya taɓa matasan da ke toshe ramukan sauti ya lalata su, in ya shiga ramin da turke ke zaune a itace yana sassauta shi. Ka jingina abin busar yadda man zai gangara cikin bututun da kansa. Safe da yamma ka ƙara ɗigo, ka motsa maɓallin, ka ɗan ƙwanƙwasa gindin sukudirebar da ƙaramar guduma sau biyar ko shida, bugun da bai fi na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci da dare ba. Girgizar tana buɗe wa man hanya. Idan ka ga jan ruwa kamar na goro yana tsattsafowa daga mahaɗar, albishirinka, ya fara shiga.

Kwana nawa? Wani kwana ɗaya, wani mako, wani ya fi haka. Kilarinet ɗin dattijon nan, tsohuwar Boosey & Hawkes ta Ingila, irin wadda ta cika ɗakunan ajiyar 'yan badujala tun zamanin da, tana da wata sanda a ɓangaren ƙasa da ta shafe kusan mako biyu a teburina. Kullum da la'asar sai ya zo ya zauna a benci. Wata rana ya ce, "Malam, mi ah hana ka sa mata wuta mu huta?" Na ce, "Baba, abin da ya shekara talatin yana ɗaurewa a ba shi kwana goma ya sake. A ƙara mini haƙuri." Ranar da ta saki, wata 'yar ƙara na ji a tafin hannuna kafin kunnena ya ji ta, sandar ta juya kwata, ta tsaya. Ban ci gaba ba. Na mayar da ita, na ƙara mai, na yi ta kai da kawowa har ta fito ja wur, siririya a tsakiya inda tsatsa ta cinye. Dattijon ya karɓe ta ya daɗe yana juya ta a tafin hannunsa.

Man gyaɗa, manja ko man burki fa?

Ko kusa. Man girki yana daskarewa ya zama danƙo, man burki yana cin fenti. Ruwan batir kuwa kada ma ya shigo ɗakin.

Sandar ta manne a bututu, tsagar tana juyawa da maɓalli. Ya zan yi?

Bayan man ya sha kwanaki, ka sa sukudireba a tsagar ka riƙe sandar tsaye cak, sannan da ɗaya hannun ka motsa maɓallin sama da ƙasa. Maɓallin ne ya zama maka mariƙi, yana karya mannewar kaɗan-kaɗan. Ka riƙe shi kusa da bututun, in ka kama shi daga can ƙarshe zai lanƙwashe. Idan tiredin ya fita daga turke amma sandar ta ƙi zarewa, ka kama kanta da filaya marar haƙora ko 'yar matsar masu agogo, kana juyawa kana ja. Filaya mai haƙora tana barin tabo, tabon kuma zai kankare cikin turken yana fita.

Zafi yana taimakawa, ko haɗari ne?

Duka biyun. Tagulla da farin ƙarfe sun fi baƙin ƙarfe buɗewa in sun ji zafi, saboda haka in ka ɗumama turke ko bututu, ramin yana ɗan faɗaɗa fiye da sandar da ke ciki. Ɗumamawa da hucewa sau da yawa yana farfasa tsatsar, yana kuma jawo mai ciki yayin hucewa. Idan wani ya taɓa sa wa tiredin gam ɗin kulle sukuru, zafi ne ke sake shi.

Abin da na fi amincewa da shi shi ne ƙarfen narkar da dalma na masu gyaran rediyo da waya, domin zafinsa yana tsayawa inda ka ɗora shi. Ka ɗora bakinsa a kan turken na ɗan lokaci, ka ɗauke, ka ɗiga mai, ka bari ya huce, ka gwada. Harshen wuta kuwa sai wanda ya ƙware. A saksofon, da dalma aka liƙa turakun a jiki, irin dalmar nan kuma tana narkewa a wajen digiri 183 na ma'aunin Salshiyas, wanda ƙaramar wutar gas ke kaiwa cikin ƙiftawar ido. Fentin ƙyalli yana ƙonewa, matasai suna saki tun kafin nan domin da ƙaro aka manna su, sifirin kuma in ya sha wuta ya mutu, ba ya sake dawowa. A kilarinet ta roba turken yana narkar da mazauninsa ya fara rawa. A ta itace, zafin yana bin gindin turken ya ƙona ramin ko ya tsaga itacen. Ka naɗe gindin da jiƙaƙƙiyar auduga, ka tare jikin da ɗan falalen gwangwani. Kuma ka nisantar da kwalbar asiton da kananzir daga wurin kafin ka kunna komai.

Itacen nan ya cancanci a tausaya masa. Baƙin itacen da ake yin kilarinet da obo da shi daga Afirka yake, yawanci Tanzaniya da Mozambik, inda ake kiransa mpingo da Suwahilanci. Yana ɗaukar shekaru da dama kafin ya isa sara. A sare shi, a kai shi Faransa ko Jamus ko Japan, a sassaƙa, ya dawo nahiyarsa ya yi shekara hamsin yana busa a filin fareti, sannan a zo a tsaga shi da kyandir saboda sukurun da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, wannan abin takaici ne.

Tsagar ta riga ta cinye. Shi ke nan?

Da saura. Idan kan ya ɗan fito waje, a yanka sabuwar tsaga da siririn zarton maƙeran zinariya, a gicciye da tsohuwar. Idan ya nutse cikin turke, nakan wasa guntun ƙarfe mai tauri ya zama 'yar kurfi, in zurfafa tsagar a hankali ina kallo da gilashi. Wasu suna yanka ta cikin turken gaba ɗaya don su kai ga sukurun. Yana aiki, amma tabon yana nan har abada, ni ba na so sai babu makawa.

In duk wannan ya ƙi, a yanke sandar. Ana zura siririn zarton a 'yar tazarar da ke tsakanin bututu da turke, a yanka gefe biyu, maɓallin ya fito da guntun sanda a cikinsa. A saksofon akwai wata hanya: a narkar da dalmar turken a cire shi, in an gama a mayar.

Na ji ana cewa alif yana cinye sukuru. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma tsohuwar dabarar masu agogo ce. Alif ɗin nan da ake jefawa a randa ruwa ya kwanta, wanda wasu ke kira alum, idan aka narkar da shi a ruwan zafi har ya ƙi ƙara narkewa, yana cin baƙin ƙarfe ya bar tagulla da farin ƙarfe. Ka sa maɓallin ko turken a kwalba ko kofin tangaran, ka riƙe ruwan da ɗumi, za ka ga 'yan kumfa suna tasowa daga guntun da ya karye. Ƙaramin sukuru yakan narke cikin sa'o'i ko kwana ɗaya ko biyu, guntun doguwar sanda ya fi haka daɗewa sosai domin ta ƙarshenta kawai ruwan ke samunta. Sai an wanke mai tas da farko, in ba haka ba ruwan ba zai taɓa ƙarfen ba. A cire sifirin da matashi da duk wani baƙin ƙarfen da ake so, domin alif ba ya zaɓe. Ba a tsoma itace a ciki. Idan sandar ƙarfe ce marar tsatsa, irin ta wasu sababbin kaya, wannan dabarar ba ta yi mata komai.

Na fi son alif a kan huda da inji. Ramin ɗan ƙarami ne, sukurun ya fi turken tauri, saboda haka bakin mahujin yana zamewa ya ci turken ya bar sukurun.

Ina zan samu sabon sukuru?

Nan ne wahalar take, kuma shi ne dalilin da nake ta nanata a lallaɓa tsohon. Kowane kamfani da tiredinsa: na Amurka da awon inci, na Faransa da Japan da awon milimita, tsofaffin na Ingila kuma da nasu daban. Sukurun Yamaha ba lallai ya shiga Selmer ko Buffet ba, in ka tilasta shi ka kashe tiredin turken. Babu mai sayar da su a kasuwar Gusau ko ta Birnin Kebbi, sai dai a yi oda daga nesa a jira. Don haka duk mataccen abin busar da ka gani a ɗakin ajiya, kada a zubar, rumbun sukurori ne. Mai injin gyaran ƙarfe da ya iya ƙaramin aiki zai iya yanka maka sabuwar sanda in ka kai masa tsohuwar da maɓallin ya auna.

Kuma yayin kwancewa, ka zana hoton abin busar a jikin kwali, ka soka kowane sukuru a gurbinsa. Ko da sun yi kama, kowanne ya saba da raminsa.

Algaita da sarewarmu ta gida fa?

Su ba su da sukuru. Abin da ke cijewa a algaita shi ne mahaɗar bututun ƙarfe da jikin itacen, haka ma gaɓoɓin kakaki. Juyawa a hankali da tsumma a hannu, ba filaya ba, kuma a kai wa maƙeranta in ta ƙi.

Bayan na kwance, me zan yi kafin in mayar?

Ka goge sandar da kananzir, ka bi ta da yadi mai ɗan kaushi ko takardar gogewa mafi laushi, iya cire tsatsa kawai, domin in ka rage kaurinta maɓallin zai riƙa rawa, iska ta riƙa zurarewa. Ka mirgina ta a kan gilashi ka ga ko ta miƙe. Cikin bututun kuma ka zura zaren auduga da kananzir har ya fito fari. Sannan ɗigon man keken ɗinki mai kyau a sandar, ɗan kaɗan a tiredin, ka ɗaure iya inda ya tsaya, ba tare da matsewa ba. Sukuru mai tsini in ya matsu da yawa yana hana maɓalli motsi.

Daga nan, sau biyu a shekara ya wadatar: ɗigo ɗaya da bakin allura a kowace mahaɗa kafin damina ta sauka, wani kuma in ƙurar hunturu ta wuce, a goge abin da ya malalo. Mai busa ya zare danshin ciki da tsumma duk lokacin da ya gama, ya goge gumin yatsunsa daga maɓallai, ya bar akwatin a buɗe na ɗan lokaci a inuwa kafin ya rufe. Masu kula da ɗakunan ajiya na makarantu kuma, ko babu mai busawa, a riƙa fito da kayan duk wata a danna kowane maɓalli sau goma a mayar.